Aikin Balas da Kamasho a Katsina: Wa Ke Ɗaukar Asara?

Matashin da ya gama makaranta a Katsina yau, in ba shi da mai tsaya masa a ma'aikatar gwamnati ko jarin buɗe shago, hanyoyin da ke gabansa sanannu ne. Ko dai ya karɓi Keke Napep yana kai balas, ko ya hau babur yana kai saƙon masu sayar da kaya daga gida, ko ya zauna a rumfar POS, ko kuma ya duƙufa kan waya yana neman aikin intanet da ake biya da dala. Ayyukan sun bambanta, amma tsarinsu ɗaya ne: babu albashin ƙarshen wata, babu takardar ɗaukar aiki, abin da hannunka ya kamo ranar shi ne naka. A Legas da Abuja, manhajoji irin su Uber da Bolt ne aka fi sani da wannan tsari. Uber ta shigo Legas a 2014, Bolt ta biyo baya a 2016 da sunan Taxify. A nan Katsina manhajojin haya ba su yi wannan ƙarfin ba, sai dai tsarin kansa mun daɗe da shi, tun daga jingar noma har dako a kasuwa.

Masu gardama kan ko aikin nan taimako ne ko ci da gumi yawanci ranar da kasuwa ta yi kyau suke kallo, alhali a wannan ranar kowa na cikin fara'a, mai keke da direbansa. Abin da ke raba aikin da ya rufa wa mutum asiri da wanda ke tatsarsa shi ne ranar da abu ya lalace. Wa ke biya idan fasinja ya yi ƙaranci, ko injin ya buga, ko gwamnati ta sauya doka, ko mai aikin ya kwanta ciwo? A kusan duk ayyukan da muka lissafa, amsar tana komawa kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukar asarar.

Mu fara da keke, domin a nan lissafin ya fi fitowa fili. Yarjejeniyar balas ba ta da wuyar fahimta: mai keke ya ba ka makulli, kai kuma ka kawo masa kuɗi tsayayye kullum ko duk mako. Mai naka ne, tikitin ƙungiya naka ne, juye da facin taya da ƙananan gyare-gyare galibi naka ne. Ga misali da za a iya sauya alƙalumansa da na kowane direba. A ce ya fita tun bayan sallar asuba, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ƙwaya, Babbar Kasuwa da hanyar Batagarawa, ya tashi da dare da naira dubu 18. Ya sha lita 6 a kan naira 950, wato 5,700. Balas 5,000. Tikiti 500. Ya ware 1,000 saboda juye, birki, fulogi da taya. Abin da ya rage masa 5,800, kafin ya ci abinci. In awa 12 ya yi a hanya, kowace awa ta ba shi kusan naira 480.

Yanzu a ɗauki ranar da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ke hutu, ko ranar da hazo da sanyin hunturu suka hana mutane fitowa da wuri. Ya tara dubu 12. Mai bai ragu sosai ba, domin yawo babu fasinja ma shan mai yake, a ce 5,000. Balas na nan 5,000, tikiti 500, na gyara 1,000. Ya koma gida da naira 500. Ciniki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku kacal, amma rabon direba ya kusan ƙarewa ɗungurungum, na mai keke kuwa ko kwabo bai motsa ba. Duk faɗi-tashin kasuwa a jikin mutum ɗaya yake sauka. Idan rabin kwanakin wata irin na farko ne, rabi irin na biyu, awarsa ta dawo kusan naira 260. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, in aka raba shi kan kwana 22 na awa 8, yana ba da kusan naira 400 a awa.

Wannan ne ya sa janye tallafin mai da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ya fi dukan direba a kan mai keke. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kuɗin fasinja bai iya bin ta da wannan gudun ba, saboda fasinjan ma aljihunsa ya bushe, da yawa suka koma tafiya a ƙasa. Adalci ne a faɗa cewa mai keken ma yana da nasa nauyin. Shi ya zuba miliyoyi, shi ke ganin kekensa na tsufa, kuma akwai direbobin da ke tsallake juye ko su zuba gurɓataccen baƙin mai don su rage kashewa, bayan 'yan watanni injin ya fara hayaƙi. Amma ko wannan ɓarnar daga tsarin take fitowa: wanda aka ɗora wa balas tsayayye, kuma keken ba nasa ba, a wajen kula da injin zai fara tsimi.

Inda abin ya fi haɗari shi ne keken biya-ka-mallaka. Nan ma misali ne: keken da ake sayarwa naira miliyan 4 kuɗi hannu, a ba ka shi a kan miliyan 6, kana biyan dubu 60 duk mako har mako 100. Ƙarin farashi saboda jinkirin biya ba shi ne matsalar ba, jumhurun malamai sun halatta shi matuƙar an yanke farashi ɗaya tun ranar ƙulla ciniki. Matsalar tana cikin sharaɗin da ake karantawa da sauri ko ba a karantawa sam: in ka yi fashin mako biyu ko uku, a karɓe keke, abin da ka biya a baya kuma ya zama kuɗin haya. Dubu 60 a mako na nufin dubu 10 kullum in kwana shida kake fita, ninkin balas na misalinmu na farko. Shi ya sa za ka ga mai irin wannan keken ba ya hutun Juma'a, yana ba wani ya ci gaba da dare, keken ba ya hucewa. A mako na 70 ya riga ya biya miliyan 4 da dubu 200, fiye da farashin keken a kasuwa. Zazzaɓin taifot na mako uku a wannan lokacin zai iya raba shi da duka. Sai a wanke keken, a ba wani sabon yaro, a sake lissafi daga farko. Duk wanda ya tsaya wa direban, ko wansa ko kawunsa, shi ma an jawo shi ciki.

A ganina, yarjejeniyar da ba ta faɗi abin da za a mayar wa direba idan aka karɓe keke ba, zalunci ce ko da an sa mata hannu gaban shaidu. Hanyar gyara ba ta da wuya. A rubuta cewa in an karɓe, za a sayar da keken a gaban ɓangarori biyu, mai shi ya cire ragowar bashinsa, saura ya koma ga direba. A rubuta kwanakin uzuri na ciwo da na babban gyara. A hana tarar jinkiri da ke ƙara bashi, domin wannan kam kuɗin ruwa ne ƙarara. A balas na yau da kullum kuma, ƙa'idar fiƙihu sananniya ce: abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan lalacewarsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Don haka ringi da ya cinye saboda tsufa na mai keke ne, ba na direba ba, kuma ranar da keke ya kwana a gareji bai kamata a ce "Malam, balas ɗin jiya fa?" ba.

Rumfar POS ta fi keke tsafta da inuwa, shi ya sa iyaye suka fi sakin jiki da ita, har ga 'ya'ya mata. Amfaninta kuma ba a musunsa. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da kuma a garuruwan da reshen banki ya yi nisa, masu POS ne bankin talaka. Sai dai ribar siririya ce ƙwarai. A ce mutum ya cire dubu 10, ka caje shi 200. Kamfanin na'urar ya ɗauki nasa, a ce 50. In tsabar kuɗin daga banki ka samo ta kyauta, kana da 150. In kuwa sayenta ka yi wurin ɗan kasuwa ko gidan mai a kan naira 100 duk dubu 10, saura 50. Alat ɗin bogi guda ɗaya na dubu 20 ya cinye ribar ciniki 400 irin wannan. Ga kuma cinikin da na'ura ta ce bai wuce ba alhali an zare kuɗin mai kati, a tsaya ana sa-in-sa a gaban rumfa, wani mai POS ɗin ya biya don gudun fitina ya zauna jiran kuɗin su dawo. Mafi muni shi ne kuɗin sata ko na fansa su bi ta asusunka ba ka sani ba, a rufe asusun da duk jarin ciki, a gayyace ka ofishin 'yan sanda. A jiha irin tamu wannan ba tatsuniya ba ce. Littafin rubuta suna, lambar waya, adadi da lokacin duk babban ciniki shi ne kariyar farko, na biyu kuma kada kuɗi su bar hannunka sai ka ga shigarsu a cikin manhajar, ba a saƙon waya ko hoton rasit ba.

Dokokin ma kan mai POS ɗin, wato wakilin kamfanin na'urar, suke sauka. A 2024 an wajabta wa masu POS yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da kuɗinsu. A Disamban shekarar Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai cire fiye da dubu 100 a rana wurin wakili ba, wakilin kuma kada jimillar abin da ya fitar ta wuce miliyan 1 da dubu 200. Kamfanonin na'urar na gindaya adadin cinikin da za a riƙa yi, in na'ura ta yi kwanaki ba ta kai ba su nemi abarsu. Su ba su biyan haya, ba su sayen fetur ɗin janareta, ba su kwana da fargabar ɓarawo. A ƙasan wakilin kuma akwai wanda ba a cika magana a kansa ba, yaron ko yarinyar da aka ajiye a rumfa kan ɗan abin da ba zai kai ko kusa da mafi ƙarancin albashi ba, duk giɓin da aka samu da yamma kuma a cire daga ciki. Wanda ba ya cin riba idan ta yi yawa, bai dace a ɗora masa asara duka ba.

Masu kai saƙo a babur su ne suka fi nuna alherin tsarin. Matar aure da ke yin cincin, dambun nama ko turaren wuta a gida, ta ɗora a WhatsApp ko Instagram, yanzu kayanta na isa GRA daga Ƙofar Marusa ba tare da ta fita ko ta ɗora wa yarinya talla ba. Gida biyu ke ci daga ciniki ɗaya. Abin da ke ɓata shi ƙananan abubuwa ne da ba a yanke tun farko ba: mai saye ya ƙi ɗaga waya, ko ya ce kayan ba su ne ya gani a hoto ba, wa zai biya man zuwa da dawowa? A karɓi kuɗin kai saƙo kafin babur ya tashi, rigimar ta ƙare.

Akwai kuma asarar da ba mai keke ba ne ya jawo ta, ba kamfani ba. A 2021, dokar tsaro ta gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita zirga-zirgar babura da kekuna da dare, kuma a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Matakin tsaro ne, amma mai POS da ke waɗannan wurare sana'arsa ta tsaya cik. Rufe iyakar Nijar a Agustan 2023 ya yi wa masu haya na Jibiya da na Kongolam ta wajen Daura irin wannan. Kano ta hana acaba a 2013, Legas ta hana shi a manyan sassanta a Fabrairun 2020, kamfanin acaba na Gokada ya sallami mafi yawan mahayansa. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na shiga ko an rufe hanya. Ɗan balas kuwa ranar da aka sanar da doka a rediyo, ranar tukunyarsa ta sauka.

Aikin intanet shi ne wanda matasa masu karatu suka fi sa wa rai, kuma da dalili. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 a 2024, don haka dala 100 a wata ta ninka mafi ƙarancin albashi. Mai iya zane, rubuta manhaja, fassara ko rubuta sautin Hausa don horar da ƙirƙirarriyar basira yana iya samun aiki daga ɗakinsa a Sabuwar Unguwa. Amma a yi lissafin da kyau. Dandalin neman aiki na Fiverr na ɗaukar kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka. Ana biyan aikin da aka amince da shi ne kawai, awannin neman aiki, gwajin shiga da gyaran abin da aka dawo da shi kyauta ne. Data taka ce, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data. Wuta in ta ɗauke, sola ko janareta naka ne. Sannan asusun da ka shekara kana ginawa ana iya rufe shi dare ɗaya. A Maris 2024 dandalin aikin intanet na Remotasks ya rufe ƙofa ga masu aiki daga Najeriya da Kenya ba tare da wani dogon bayani ba. A Kenyar ne kuma mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa masu tace bayanai don OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiri ChatGPT, ta hannun wani kamfanin kwangila na samun ƙasa da dala 2 a awa. Masu sayen asusun wani ko ɓoye ƙasarsu da manhajar VPN sun fi kowa shiga haɗari, domin ranar da aka gano, kuɗin da ke ciki sun tafi kuma babu bakin ƙorafi.

Dole a raba wannan da abin da ba aiki ba ne. Guguwar mainin, wato haƙar kuɗin kirifto ta waya, ta 2024 ta sa dubban matasa kwana suna danna waya, da kuɗin wasan Hamster Kombat ya shiga kasuwa a Satumba mafi yawansu abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Duk dandalin da ya ce ka fara zuba kuɗi kafin ya ba ka aiki, ko ribarka ta dogara da kawo wasu, ka bar shi. Rushewar dandalin zuba kuɗi na CBEX a Afrilun 2025 ta isa darasi.

To me doka ta ce? Kariyar da dokokin ƙwadago suka tanada ta rataya ne kan kasancewar mutum ma'aikacin wani. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 na albashi a asusun NSITF saboda rauni a bakin aiki. Dokar mafi ƙarancin albashi kuwa da bakinta ta cire masu aikin kamasho, masu aikin jinga, da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Shi ya sa kamfanonin manhaja ke dagewa cewa direba abokin hulɗa ne mai zaman kansa, alhali su ke yanke farashi, su ke zaɓar masa fasinja, su ke iya rufe shi. Kotun ƙolin Birtaniya ta duba wannan a Fabrairun 2021, ta ce direbobin Uber da suka kai ƙara sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, kuma lokacin da suka kunna manhaja suna jiran fasinja ma lokacin aiki ne. Tarayyar Turai ta yi doka kan masu aikin manhaja a 2024. A Najeriya direbobin manhaja sun samu rajistar ƙungiyarsu a 2023, wadda ake kira AUATON. Ɗan balas na Katsina bai ma kai wannan matakin ba, domin wanda yake wa aiki ba kamfani ba ne, maƙwabcinsa ne ko wani Alhaji a unguwa, yarjejeniyar kuma ta baka ce.

Saboda haka gyaran da ya fi kusa ba daga Abuja zai zo ba. Ƙungiyoyin masu keke na karɓar kuɗin tikiti kullum daga kowane direba, kuma haƙƙin direba ne ya tambayi abin da kuɗin ke saya masa. Da za a ware wani kaso tsayayye zuwa asusun jinya da haɗari, a sa mambobi cikin shirin inshorar lafiya na jiha a ƙungiyance, a fitar da takardar yarjejeniya guda mai shafi ɗaya da Hausa wadda duk mai ba da keke zai yi amfani da ita, da an rage rabin rigingimun da ke ƙarewa a gaban mai unguwa. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, KASSAROTA, da ke hulɗa da masu keke kullum a kan titi, tana da damar sa irin wannan takarda cikin sharuɗɗan rajista. Ya kamata direbobi su san cewa inshorar da doka ta tilasta ta ɓangare na uku ce: tana biyan wanda ka buge ko abin da ka lalata masa, ba ta biyan karayar ƙafarka ko gyaran kekenka. Akwai kuma shirin fanshon masu sana'ar hannu da aka ƙaddamar a Maris 2019, wanda ke karɓar ɗan abin da mutum ya iya zubawa kullum ko duk mako, ya bar masa damar cire wani kaso idan buƙata ta taso.

Wanda zai karɓi keke ko na'ura a wannan makon, kafin ya kawo mai tsaya masa, ya zauna da direbobi biyu ko uku da ke bin hanyar da yake son bi, ya tambaye su cinikin ranar da ta fi muni, ba ta sallah ba. Ya cire mai, tikiti, gyara da balas daga wannan adadin. In abin da ya rage ba zai sayi kwanon masara da kuɗin cefane ba, ya koma wurin mai keken ya nemi a rage balas ko a mayar da shi kaso, kamar kashi 30 na cinikin ranar bayan an cire mai, tare da littafi ɗaya da su biyun za su riƙa sa hannu duk yamma.